Mai Jita da Katifun Yayarsa

Jiya na yi munaƙasha, wato kare kundin digirina, malamai sun ce na ci, tun daga lokacin bakina ya ƙi rufuwa, to yau ina da lokacinku. Ku 'yan shekarar farko da kuka cika guruf da dariya don an ɗauke ni hoto a kan tsani da lasifika a kafaɗa, musamman kai mutumina da ka rubuta wai gyaran sauti ai jona waya ne kawai, ja da ja, baƙi da baƙi, gyara zama. Zan ba ku labarin sana'ar da na wanda ya koya mini ita. Dogo ne, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya matsa kusa da wayfay.

Sunansa Bashir, mu muna ce masa Ammu Bashir, wato baffa Bashir. Ɗan ƙasa ne, a nan Madina aka haife shi, a unguwar Harra ta Yamma. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yada zango a Sudan, ya iso nan ya zauna. Hausar Ammu irin ta tsofaffi ce, rabinta Larabcin Hijaz, in ya fusata kuma gaba ɗaya take komawa Larabci. Shagonsa yana wani lungu a bayan titin Sultana, tsakanin mai gyaran esi da mai gasa burodi. Abin da yake gyarawa shi ne amfilifaya da miksa da makirufo da lasifika, na masallatai da na istiraha, wato gidajen biki. Kafin ya zama mai gyara kuwa, makaɗin jita ne. Ba jitar soyayya mai sanyi ba, hebi metal. Kiɗan nan da in an kunna za ka rantse janareta ne yake dambe da injin niƙa, wani ƙato kuma yana ihu a tsakaninsu.

Aikin da ya haɗa mu wata 'yar lasifika ce mai batir ta malaminmu na hadda, wadda ta koma magana kamar mai mura. Ni aka aika da ita. Ammu ya kwance ta, ya shinshina cikinta, ya taɓa wani wuri da kawiya, ƙarfen nan mai zafi da ake narka dalma da shi, ya mayar ya ɗaure. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce in tsaya. Ya ja wani labule a bayan kanta, sai ga ɗan ɗaki, bangonsa duk tsofaffin katifu. Ya saukar da wata baƙar jita mai ƙaho biyu, ya jona ta a lasifikar malam, ya ja tsirkiya. Wallahi sai da na waiwaya ko akwai wanda ya san ni a lungun.

Daga baya ya yi mini bayani. Wai muryar mutum tana da rufin asiri, in ka ce wahid, isnen, wato ɗaya, biyu, a makirufo, ko mataccen inji sai ya ci jarrabawa. Jita ba ta da wannan kunyar. Tana tashi daga can ƙasa inda ƙirjinka yake rawa har zuwa siririn sautin da yake tsira maka kunne, in akwai dalmar da ba ta kama ba ko takardar lasifika da ta tsage, nan take za ta tona. Saboda haka duk injin da ya fita daga shagon nan sai ya bi ta jita, har na masallaci. Bai taɓa ɓoyewa ba. Wanda ya tambaya yana faɗa masa, wasu su ɗauki kayansu su yi gaba, wasu su ce su dai ba su ji ba ba su gani ba.

Ni iƙamata, wato takardar zamana, ta karatu ce, ba ma'aikaci ba ne ni. Zuwa nake bayan la'asar ina koyo, ladana shayi da ful, dafaffen waken nan nasu. Abokan ɗakina sun tambaye ni hukuncin kiɗa, na ce littafin da suka karanta shi na karanta, ni dalma na je koyo. To kai mai ja da ja, ka san me na yi a watannin farko? Naɗe waya. Ko kawiya bai bar ni na taɓa ba. Akwai yadda ake naɗe wayar makirufo, zagaye ɗaya ta sama, na biye ta ƙasa, yadda in ka riƙe bakinta ka jefa za ta miƙe sambal ba ƙulli. In ka naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar shanya, siraran wayoyin ciki suna karyewa a hankali, sai ranar Juma'a liman yana tsakiyar huɗuba ta ɗauke. Duk wadda na naɗe sai Ammu ya jefa ta tsakiyar lungu. In ta yi ƙulli, ba ya faɗa, cewa kawai yake, ya Shaihu, wannan a wace mazhaba ce?

Akwai wata miksa da wani ladan ya kawo daga unguwar Khalidiyya, ya rantse haka kawai ta mutu, ba wanda ya taɓa ta. Duk kwastoma haka yake cewa, ku riƙe wannan. Da muka buɗe, ƙamshin shayin na'ana'a ya tashi, sukari ya daskare a kan allon ciki, tururuwa sun yi gari. Ammu ya wanke ta da burushin haƙori da sifirit, da ya zo karɓa ya ba shi kyautar kofi mai murfi. Wata rana kuma amfilifayar istiraha ce mai gurnani, muka yi ta bin ta da mita ba mu ga laifinta ba, ashe a can gidan bikin a soket ɗaya suka jona ta da firij. Rabin aikin nan ba a cikin inji yake ba, yana ɗakin da injin yake zaune da mutanen da suke zagaye da shi.

Tarihinsa gutsure-gutsure na samu, yana aiki yana yarwa. Yana saurayi wani ɗan uwansu mai aiki a tashar jirgin ruwa ta Jidda ya kawo masa kaset, ya ji abin, kansa ya juye. Ya samo jita ta hannu, ya rasa inda zai koya. Gidansu gidan saukar alhazai ne, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, kuma yayarsa Maryama ce take kula da shimfiɗa. Sai gogan naka ya bi ɗakin ajiya ya kwashe katifun alhazai, ya hau da su wani ɗaki a saman bene, ya kafe su a bango da ƙusa don kada maƙwabta su ji. Maƙwabta sun ji, ta ramin esi sautin ya fita. Alhazai kuma suka iso aka rasa katifa, tsofaffi suka kwana a tabarma. Da aka ɓamɓaro katifun duk sun zama rariya. Mahaifinsu ya nuna masa ƙofa, ya tafi Jidda.

A Jidda ya yi shekarunsa na kiɗa. A lokacin babu dandali, babu talla, labari a baki yake yawo. Shi da abokan kiɗansa su kaɗa a ɗakin ƙasa na gidan wani, ko su fita sahara da janareta a bayan mota. Gashinsa har kafaɗa, da rana ya tura shi cikin hula. Ya ce yatsunsa na hagu sun yi kanta har yana iya ɗaukar kofin shayi mai zafi ba ya ji. Gyara kuwa dole ce ta koya masa, don in amfilifayarsu ta ƙone ba shagon da za su kai ba a yi musu tambayoyi ba, sai ya buɗe da kansa. A can kuma ya koyi abin da ya zama sirrin aikinsa. Kun san kukan nan da lasifika take yi in makirufo ya matso ta, wanda yake sa jama'a toshe kunne? Mu fito muke ce masa. Su 'yan metal nemansa suke yi, da gangan. Ammu yakan zagaya fili da jita kafin a fara, duk inda fito ya tashi ya manna salatif a ƙasa, in yana so jitar ta yi kururuwa ya taka wajen. Ya ce wanda ya yi shekaru yana kiran abu ya san inda yake kwana. Da ƙungiyarsu ta watse, mai ganga ya yi aure, mawaƙin ya koma dillancin gidaje, ya dawo Madina da jita ɗaya da amfilifaya ɗaya da ƙara a kunne da wannan ilimin. Yanzu in ya shiga masallaci da makirufo yake zagayawa, ya manna salatif ɗinsa a ƙarƙashin kafet, ya ce wa liman nan za ka tsaya, nan kuma kada ka kusanta. Masallatai da yawa a garin nan, in ka ɗaga kafet a gaban mihirabi za ka ga baƙin salatif. Nasa ne.

Masallaci ɗaya ne babu, na unguwarsu, inda mahaifinsa ya yi salla har ya rasu. Dattawan da suke kula da shi sun san shi tun yana mai gashi, sun ce hannun da ya kaɗa wancan abin ba zai taɓa musu inji ba. Kuma kaf Harra ta Yamma babu masallacin da ya kai shi mugun sauti. Bangon baƙin dutse, ga tayil, ga ƙubba a ƙasa-ƙasa. Liman yana cewa Allahu akbar lasifika take amsawa da fito. Duk mai gyaran da aka kawo sai ya rage murya don fiton ya mutu, shi ke nan mata da suke salla a bene ba sa jin komai, da ƙarar gwiwoyin maza suke gane an yi sujada. A nan Ammu yake salla kullum, yana jin ciwon, ya san maganin, an hana shi. Abin da yake so a duniya ke nan, ya gyara masallacin nan.

Kuma lokaci yana ƙure masa, don kunnen yana tafiya. Bai ɓoye mini ba. Likita ya gaya masa siraran sautuka ne suke fara gudu, fito kuwa da siriri yake farawa kafin ya girma. Lokacin da na ƙware da kawiya, ya riga ya koma tambayata, ka ji wani abu? Ni ne kunnensa na sama, shi kuma ya ɗora tafin hannu a jikin akwatin lasifika ya ji na ƙasa. Ya ce ranar da ya daina jin muryar liman gaba ɗaya ya rufe shago, don kurma ba ya saita sauti ko da ɗan jagora.

A wannan tsakanin ne wasu gayu suka zo daga Jidda, baƙaƙen riguna, kowa da waya a sama yana ɗauka. Sun samo tsohon kaset ɗinsa, suna ce masa ustaz, wai shi ne tushe, wai yanzu an buɗe dandali a ƙasar, ya zo ya hau ko sau ɗaya a gan shi. Ya ba su shayi, ya bar su suka shafa jitar. Ya miƙa wa shugabansu waya ya ce ya naɗe, gayen ya naɗe a gwiwar hannu, Ammu ya kalle ni, na kalli silin. Ya nuna musu yadda yake riƙe tsirkiya ta yi kuka ba ta tsinke ba, ya ce su riƙa toshe kunne da auduga tun yanzu. Zancen hawa dandali kuwa ya ce a'a, ɗaki ɗaya ya rage masa da yake son ya saita, kuma ba a Jidda yake ba.

Sai shekarar korona ta zo. Ku ba ku nan, ba ku ga Sultana ba mota ba. Masallatai a rufe, ladan ya kira salla ya ce a yi a gida. Biki babu, alhazai babu. Sana'ar da take rayuwa da taron mutane, aka hana taro. Ni ina kulle a masaukin ɗalibai, shi yana gida. Da aka ɗan sassauta muka buɗe shago, sai mu share ƙura mu zauna. Ya sayar da babbar amfilifayarsa ta zamanin Jidda, jitar ce kawai ya ce ba ta fita.

Ana cikin haka Malam Adamu ya kira. Shi ne ladanin masallacin unguwar, mutumin Chadi ne, dattijo mai barkwanci. Ya ce an ba da izini a share masallatai a yi gyara kafin a sake buɗewa, injinsu kuma ya mutu murus saboda zama. Dattawa duk suna gida, 'ya'yansu sun hana su leƙo ƙofa. Makulli yana hannunsa, shi bai tambayi kowa ba, in an tambaye shi daga baya zai faɗi gaskiya. Ammu bai gama jin zancen ba ya fara zuba kaya a jaka.

Injin bai ba mu wahala ba, wata 'yar gwangwani ce ta ciki da muke kira kafasita ta kumbura. Babban aikin lasifikun ne. Manya guda biyu aka rataya can sama suna harba murya cikin ƙubba, ita kuma tana dawo da ita kan makirufo. Muka sauke su, muka jera ƙanana a jikin ginshiƙai daidai kan mutum, muka ja layi daban zuwa benen mata. Malam Adamu ya yi karatu a mihirabi, murya ta fito tas, ni har na fara murna. Ammu ya kashe injin ya zauna a ƙasa. Ya ce masallacin da babu kowa maƙaryaci ne. Mutane auduga ne, jikinsu da tufafinsu suna shanye sauti. In ka saita a fili, ranar da aka cika na baya ba za su ji ba. In ka ƙara da ka, ranar da mutane suka yi kaɗan fito ya dawo. Ya sha ganin haka a Jidda, a gwada a ɗaki fayau komai lafiya, gayu su cika, sauti ya kwanta. Jama'a yake buƙata, sahu-sahu, ga shi an hana tara ko mutum goma.

Malam Adamu ne ya ce, cikin wasa, to sai dai a jera filo. Ammu bai yi dariya ba. Unguwar nan mutum ɗaya ce take da ɗaki cike da katifu da barguna da ba mai kwana a kai a shekarar, ita ce wadda ta gaji saukar alhazai daga mahaifinsu. Khala Maryama, wato inna Maryama, yayarsa. Suna gaisawa, suna haɗuwa a suna da ta'aziyya, amma tun wancan lokacin kalmar katifa ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Na raka shi. Ta tsaya daga cikin ƙofa da takunkumi a fuska, muka tsaya nesa. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, aron katifu na zo."

Ta ƙare masa kallo. Sannan ta ce, "Bashiru, kai ne a ƙofata kake cewa katifu?"

Daga nan ta buɗe faifai. Ta tuno alhazan Maraɗi da suka kwana a tabarma, da wata tsohuwa mai ciwon baya da ta yi ta yi musu Allah ya isa, da yadda mahaifinsu ya kasa haɗa ido da maƙwabta, da yadda ita ta zauna tana ɗinke huda da allura har yatsunta suka kumbura. Matsalar ita ce ga takunkumi ga nisa, Ammu ba ya jin ko rabi. Sai ya juyo ya ce mini, me ta ce? Dole na matsa kunnensa na maimaita da ƙarfi, Ammu, cewa ta yi kai ɓarawon shimfiɗa ne. Ya gyaɗa kai ya ce sahih. Ta ƙara, na fassara, ya ce wannan ma sahih. Ban taɓa yin tafinta mai wuya irin wannan ba, ga ni ɗalibin Larabci.

Da ta gaji ya ce, "Bene za a ji huɗuba, Yaya. Kunnena ya kusa ƙarewa. In ban yi yanzu ba shi ke nan."

Ta dube shi ta dube ni. Ta ce ita tun tana budurwa da ƙarar gwiwa take bin liman. Ta kafa sharaɗi: ba ƙusa, ba jita ko a bakin ƙofar masallaci, kuma da kanta za ta hau bene ta zauna, don ba ta yarda da kunnen kurma ba, ba ta yarda da na ɗalibi ba.

Washegari bayan azahar muka yi ta jigila da motar mai burodi. Kowace katifa mu naɗe ta, mu ɗaure da igiya, mu tsayar da ita, mu yafa mata bargo. Sahu bayan sahu har ƙofa, muka hau bene ma muka jera wasu muka bar wa Khala kujera a tsakiya. Malam Adamu ya tsaya a mihirabi ya waiwayo, ya ce tunda yake bai taɓa ganin jama'a mai natsuwa irin wannan ba, ba mai tari, ba wanda wayarsa ta yi ƙara, kuma kowa ya zo da wuri.

Yadda muka yi aikin ke nan. Malam Adamu yana karatu. Ammu yana gaban miksa, hannu ɗaya a kan maɓallin murya, ɗaya a jikin lasifika mafi kusa. Ni ina yawo tsakanin katifu, da na ji siririn fiton ya fara sai in ɗaga hannu. Shi kuma ba ya ja baya nan take, sai ya ƙara tura shi da gangan har ya girma ya kai inda shi ma zai ji, ya gane daga wace kusurwa ya taso, sannan ya yanke shi, ya sa in karkata lasifikar wajen ko in matsar da makirufo. Kiransa yake yi kamar yadda ya saba a da, in ya fito ya kama shi. Daga bene kuma Khala tana buga sanda a ƙasa tana cewa a ƙara, ba ta ji, sai can ta ce to yanzu ya yi yawa, ba kurma ba ce ita. Kafin la'asar ya manna salatif ɗinsa a ƙarƙashin kafet. A jikin miksa kuma ya yi alama biyu. Muka kwashe yawancin katifun muka bar tsilli-tsilli, ya saita, ya manna baƙin salatif, wannan na sahu mai tazara ne, irin wanda za a buɗe da shi. Inda ya saita da katifu cike kuma ya manna ja. Ya ce wa Malam Adamu kada a kai maɓalli kan ja sai ranar da kafaɗa ta taɓa kafaɗa.

Katifun da kansa ya mayar. Ya shanya su a rana, ya kwance igiyoyin, ya tsaya a ƙofa tana juya kowacce tana duba ta ciki da bai. Da ta gama ta rufe ɗakinta.

Aka buɗe masallaci da tazara, maɓalli a kan baƙi, fito bai dawo ba. Dattawa suka fito suka ji, suka tambaya, Malam Adamu ya faɗa musu. Wani ya ce a cire, wani ya ce aikin gama ya gama, aka yi ta magana, ba dai wanda ya kawo tsani. Godiya kuma ba wanda ya yi masa, shi ma bai jira ba. Yana zuwa salla, in an idar ya tambaye ni ko Malam Adamu, akwai fito? Mu ce babu. A lokacin ya koma bin liman da ido, yana kallon na gabansa. Ba a jima ba ya rufe shago kamar yadda ya faɗa. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu tun ana salla da tazara. A Harami aka yi masa salla bayan la'asar. Gayun Jidda sun zo, sun sa fararen kaya, da ƙyar na gane su.

Ranar Juma'ar da aka ce a haɗe sahu, Malam Adamu ya kira ni tun da hantsi ya ce shi ba zai taɓa maɓallin nan ba, in zo. Ku gane, jan salatif ɗin nan ba a taɓa gwada shi da ɗan Adam ba. Da katifu aka saita shi, wanda ya saita kuma rabin aikin da tafin hannu ya ji shi. In ya yi fito a gaban dattawan nan ranar Juma'a, an samu abin faɗa har abada, a sauke lasifikun a ce dama mun faɗa. Masallaci ya cika har waje. Na murɗa zuwa ja. Liman ya hau mumbari ya yi sallama, yatsana yana kan maɓalli, a shirye nake in ja baya. Har aka sallame ban motsa shi ba.

Bayan salla wani ya ce ana nemana a ƙofar mata. Khala Maryama ce da sandarta. Ta ce in gaya wa liman ya je a duba masa haƙori, duk harafin sin ɗin da ya furta sai iska ta fita, kuma yana yawan haɗiye yawu. Ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka huɗuba gajeriya ce, ashe haka yake tsawaitawa. Na ce to Khala, za a faɗa masa. Ta gyara mayafi kamar za ta tafi, sai ta tsaya.

"Wannan karon Bashiru ya dawo da katifuna," ta ce. "Ko huda ɗaya babu."

Sannan ta ce shagon an mayar wa mai shi, amma baƙar abar nan mai ƙaho tana wajenta, a ɗakin ajiya, a kan katifu. Ita ba ta son ganinta, kuma ba za ta sayar ba. In na gyara inji ina son gwaji, in zo can in gwada in ba lokacin alhazai ba ne, ɗakin a cike yake da katifu, ba mai ji.

Can nake gwaji har yau. Ban iya kiɗa ba, tsirkiyoyin kawai nake ja ɗaya bayan ɗaya daga mai kauri zuwa siririya yadda ya nuna mini, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, in na fito ta ce wannan lasifikar tana da mura, koma. Yawanci kuma gaskiyarta ne.

Kai mai ja da ja, gobe bayan la'asar ka same ni a ƙofar masauki. Kada ka zo da sukudireba, ba ka kai nan ba. Akwai waya da za ka naɗe.